Wandon Kakin Yayana

Ranar da aka kai ni makarantar elementare, wanduna na fara gani. Tun daga ƙofar gida kaina a sunkuye yake, wanda kuwa ya sunkuyar da kai, daga ƙugu zuwa ƙasa yake sanin mutane. Yara maza sun yi layi a gindin mangwaro. Yaya yana riƙe da hannuna, yana ja na ta gabansu zuwa inda 'yan mata suke, su 'yan kaɗan, a rakuɓe jikin bangon aji. Kafin mu kai ƙarshen layin na ga wanduna iri-iri da ban taɓa gani a wuri ɗaya ba, ko a kasuwa.

Lokacin Abuja ake ce wa garinmu, ba a ɗauke sunan an kai wa sabon birni an bar mana Suleja ba tukuna. Turawa suna nan, hukumar gargajiya ta En'e ce ke riƙe da makaranta, kuma ba a fara ba 'yan makaranta tufafi ba. Kowa da abin da gidansu suka samu yake zuwa. 'Ya'yan ma'aikatan En'e buje suke sawa, tsofaffin na iyayensu da aka rage musu, hantsa tana jan ƙasa, kamun ƙafar ya koɗe har koren zaren ya koma ruwan toka. In za su yi gudu sai sun tattare hantsar da hannu ɗaya kamar mai ɗauke da kaza. 'Ya'yan 'yan kasuwa tsala suke sawa na alawayyo, mai matsattsiyar ƙafa, wanda sai an zauna an ja shi ta diddige kafin ya fita. Yaran da aka kawo daga ƙauyuka, ta wajen Gawu da Tafa, aka rarraba su gidajen cikin gari, yawancinsu da bante suka zo. Masu masaukinsu ne suke ara musu wando, shi ya sa za ka ga yaro ya zagaya mazagi sau biyu a ƙugu, ragowar tana reto har gwiwa. Akwai wani mai warki, in ya zauna a benci sai fatar ta yi ƙara, in ruwa ya taɓa shi kuwa duk ajin sai an sani.

Na Yaya tsala ne na akoko. Kawunmu, ƙanin Inna, shi ya ɗinka masa da hannu, don sana'arsa ke nan. Inna ta aika da shi marina aka rina shi shuɗi.

A shekarata ta biyu En'e ta raba wa maza tufafi: 'yar shara da dogon wando na farin akoko, har idon sawu, mai mazagi, duk yanka ɗaya. Iyaye sun yi murna, don an ɗauke musu nauyi, kuma wando ne da yaro zai yi salla da shi, ya shiga gaban manya da shi. Ni kam na ɗan yi kewar na da, don yanzu sai na kalli yatsun ƙafa kafin in gane mutum. Amma ba a daɗe ba suka sake rarrabuwa. Wani ya sa wa nasa bula har ya yi shuɗi-shuɗi, wani ya naɗe ƙafa ɗaya don yanga, wani uwarsa ta yi masa mazagi na jan zare ya bar tuntun a waje. Jar ƙasar garinmu kuwa ba ta bar kowa ba. Duk wankin da za a yi a rafin Iku ranar Asabar, kafin Talata bakin kowane wando ya yi ja.

A cikin farin wandon nan ne abin ya fito wa Yaya, kuma ni na fara gani. Wata rana da la'asar yana alwala a bayan rumbu, ya naɗe wando sama, na hango wani tabo a cinyarsa ta dama, sama da gwiwa kaɗan. Faɗinsa kamar tafin hannuna na lokacin, launinsa kamar na sabuwar tukunya, alhali Yaya baƙi ne sosai.

"Yaya, me ya ƙone ka?"

"Ba ƙuna ba ce. Zo ki ga abin mamaki, Auta."

Ya karyo ƙayar lemo, ya soka a tsakiyar tabon har jini ya ɗan tsatso, yana dariya. "Ko kaɗan ban ji ba. Na zama ɗan tauri ta wuri ɗaya, saura sauran jikin."

Kakarmu, mahaifiyar Baba, tana zaune a tabarma tana kaɗi. Ita da Yaya kullum cikin tsiya suke, ba ta kiransa sai "mijin banza." Ran nan ta ajiye mazari, ta ce ya matso. Ta daɗe tana kallon wurin, ta shafa shi da babban yatsa, sannan ta jawo ƙafar wandon da kanta ta rufe.

"Kada ka ƙara nuna wa kowa," ta ce. "Ke ma kin ji."

Ba wanda ya ambaci sunan ciwon a gidanmu, amma kowa ya san kuturta ake tsoro. Mun kuma san abin da ake yi a makaranta: yaron da aka ga alamarta a jikinsa, a ranar ake sallamarsa. Baba ya yi ta karɓo rubutu, ya je har Tafa wurin wani mai magani ya dawo da saiwoyi. Tabon bai ƙaru ba, bai kuma tafi ba. Dogon wando ya rufe shi, aka ci gaba da zama.

Yaya ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta kallonsa in da mutane. "Yayanki" take cewa, ko "wancan." Tuwonsa ma ni take miƙa wa in kai. Ban taɓa ganin ta dubi tabon ba. Kullum dai in na dawo daga kai masa abinci sai ta tambaye ni, idonta a kan murhu, "Yana nan yadda yake?" In ce yana nan.

Shekarar Yaya yana ajin ƙarshe. Bayan damina za a yi jarrabawar shiga makarantar midil ta Bida, kuma duk makarantar an san in mutum ɗaya zai ci, shi ne. Lissafi a kansa yake gamawa tun malam yana rubutawa a allo. Tun da ya ga masu awon hanya sun wuce ta gindin dutsen Zuma da sarƙarsu da abin hangensu mai ƙafa uku, ya ce shi aikin da zai yi ke nan. Abin da ya rage masa kawai ya ɓoye cinyarsa har ruwa ya ɗauke.

Sai aka canja Baturen makarantu. Sabon ya zo daga Minna a farkon damina. Saurayi ne, shi kansa gajeren wando gare shi da doguwar safa, ya soke lofe a cikin safar, gwiwoyinsa jajaye kamar an ɗaye su. Aka yi masa fareti, aka yi tseren gudu. Ana cikin tseren mazagin wani yaro ya tsinke, wandon ya sauko ya harɗe shi, ya faɗi ta fuska, na bayansa suka faɗa kansa. Mu duka muka yi dariya, har Baturen. Ya juya yana yi wa hedimasta magana, yana nuna ƙafafun yaran da lofensa. Ba a daɗe ba dilolin kaki suka iso a motar En'e.

Gajeren wando ne, mai maɓalli a gaba maimakon mazagi, da 'yan ƙarafuna a gefe na tsukewa, da aljihu. Aljihun nan ya sa ƙananan yara suka so shi tun ranar farko. Aka cika shi da gyaɗa da gurjiya da duwatsun harbin tsuntsu, yaro ya zura hannu ciki yana tafiya yana fito kamar akawu. Maɓallin ne ya ba su wuya, don ƙaramin yaro in fitsari ya matse shi, kafin ya ɓalle ya jiƙe. Manyan kuwa kunya ta kama su. Ranar da aka fara sawa na ga gwiwoyin mutanen da na shekara ina gani ban san su ba: masu kirci, masu ƙazwa, masu tabon gyambo, masu ramin kurkunu, masu shatin ƙaho. Wani da muke ganin ƙato ne, ashe ƙafafunsa kamar na zalɓe.

Hanyar makaranta ta bakin kasuwa ta bi. Tsofaffi masu sayar da daddawa suka samu abin yi.

"Wayyo, yadi ya ƙare wa En'e!"

"Kai ɗan boko, ina ka baro sauran wandon?"

"Bar shi, gara ce ta ci. Gobe za ta kai ƙugu."

Dattawa suka tafi wurin hedimasta, Baba yana cikinsu. Suka ce yaron da ya balaga cinyarsa al'aura ce, da wane wando zai yi salla? Hedimasta ya ce shi ma bai so ba, umarni ne daga sama. Abin da aka samu kawai shi ne, in azahar ta yi yaro ya ɗaura zane a kan kakin. A aji da fareti kuwa, ko kaki ko bulala. Baba ya dawo ya zauna a zaure. Shi ba salla kaɗai ta kai shi ba, kuma ɗaya dalilin ba ya faɗuwa a gaban mutane.

Yaya ya fi kowa tsawo a makarantar, don ya makara shiga. An ba shi mafi girma a dilar, duk da haka da ya gwada a tsakar gida, bakin wandon a tsakiyar tabon ya tsaya, rabi a rufe rabi a waje.

"Mijin banza ya fito tsirara," in ji Kaka. "Na fasa auren, a mayar masa da goronsa."

Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta ƙara ba.

Baba ya ce gara ya zauna a gida, a ce ba shi da lafiya, ya bi shi gona har magana ta lafa. Yaya ya durƙusa a gabansa, yana jan bakin wandon da hannu.

"Baba, in na zauna dogari za a turo, kuma asibiti za su kai ni a duba. Saura kaɗan fa. Ka bar ni in kai jarrabawa."

Aka kira Kawu. Ya warware kalmasar bakin wandon ya sake ta, aka samu ƙarin da bai fi faɗin yatsa biyu ba. In Yaya yana tsaye, ya ɗan sassauta ƙarafunan wandon ya sauko, tabon ya ɓuya. In ya zauna ko ya ɗaga ƙafa, gefensa ya leƙo. Kawu ya ce zai iya ƙara ƙyalle, amma irin kakin nan babu shi a kasuwa, kuma duk wanda ya ga wando ɗaya da ƙari a cikin layi sai ya tambayi dalili.

Dabarar da aka yi ta Inna ce. Ta kankaro kunkunniya daga rufin ɗakin girki, ta niƙa ta da ɗan shuni, ta kwaɓa da man kaɗe a cikin wani ɗan kasko. Da safe ta miƙo mini, idonta a wani wuri.

"Kai wa yayanki. Ke za ki shafa masa, shi ba ya ganin bayan wurin. Ki bi gefe-gefe, kada a ga inda ya tsaya."

Haka muka riƙa yi kowace safiya a bayan rumbu. Ya ɗora ƙafa a kan tsohon turmi, in shafa da yatsa. Na lura a inuwa launin yana dacewa da fatarsa, amma a rana yana ƙyalli, sai na riƙa barbaɗa ɗan toka a kai ina bubbugawa da tafin hannu.

"Auta, in na zama mai awon hanya, ke zan ɗauka mai fenti."

"Ka tsaya mana, Yaya, kana motsi."

"A Bida manyan ɗalibai dogon wando suke sawa, fari, da guga. In na kai can kin huta."

A makaranta ya canja. Ya daina ƙwallo, ya daina langa, shi da ba a kayar da shi a langa. A fareti ya koma layin baya. In ya zauna sai ya kifa allonsa a cinya. Hannunsa na dama kullum yana bakin wando. Abokansa suka sa shi gaba.

"Malam na Bida, an daina wasa da talakawa?"

"Ku bar shi, tattalin ƙafa yake, da ita zai taka har can."

"A'a, amarya ce, ba ku ga tana ta jan zane ba?"

Sai ya yi murmushi ya ce su je, karatu yake.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne yadda man kaɗe yake da kaki. Farin akoko in ya yi maiƙo, toka da sabulun salo suna fitar da shi. Kaki sha yake yi. Da farko ta ciki bakin wandon ya yi baƙi, sannan ya fara ratsowa waje, wani dogon shati mai maiƙo a ƙafar dama kaɗai. Yaya ya wanke a Iku har fatar yatsunsa ta saɓule. Ya sa sitaci, ya aro dutsen guga wurin Kawu, zafin gawayin kuwa ya ƙara zaunar da man. Kowane mako ina hango shatin daga layin 'yan mata, ya fi na makon jiya faɗi. Na gaya wa Inna. Ta rage man ta ƙara kunkunniya, sai ya ƙi kama fata, yana zuba kamar gari. Aka koma yadda ake yi.

Ranar Litinin ake duba tsabta: farce, haƙori, kai, tufafi. Wata Litinin, an kwana ana ruwa, fili duk laka, malamin ajin su Yaya yana bin layi da tsumagiya a hannu. Ba mugun mutum ba ne. Duk makarantar ba wanda yake so kamar Yaya, har gida yake kiransa ya ƙara masa lissafi. Ina jin shi ya sa abin ya ɓata masa rai.

"Kai! Kai da za mu tura Bida, wannan wane irin wando ne? Tuyar ƙosai kake yi kafin ka zo?"

Yara suka fashe da dariya. Malam ya sa tsumagiya ya ɗaga bakin wandon, ya ga baƙi a cinya, ya dangwala da yatsa ya duba.

"Ashe har a jiki dauɗar take. Ƙato da kai! Monita, kawo soso da sabulu. Wuce rijiya."

"Malam, don Allah in je gida in wanke."

"Gida? Ruwan gidanku ya fi na nan ne? Wuce."

"Malam..."

"Wuce, na ce."

Rijiyar a gefen fili take, kowa yana gani. Monita ya jawo ruwa ya zuba masa. Yaya ya riƙe soson ya daɗe bai sa ba. Sannan ya sunkuya ya fara cuɗawa a hankali, baƙin ruwa yana bin ƙwaurinsa yana shiga laka. Da monita ya sake zuba ruwa sai tabon ya fito. Ban taɓa ganin ya yi haske kamar ran nan ba, wataƙila don ya daɗe a rufe.

Dariyar ta mutu daga layin gaba zuwa na baya. Monita ya saki guga ya ja da baya, yana goge hannuwansa a wandonsa. Wani ƙaramin yaro ɗan aji ɗaya ya faɗi sunan ciwon da ƙarfi, kamar mai amsa tambaya a aji. Malam ya tsaya da tsumagiyarsa a hannu, bakinsa a buɗe. Can ya juyo ya daka mana tsawa, "Ku shiga aji! Me kuke kallo?"

Kafin azahar aka kai mu ɗakin magani, ni da shi, don an ce a duba ni ni ma. Wata ungozoma ta duba bayana da hannuwana, ta ce ba komai. Aka bar ni a bakin ƙofa. Malamin asibiti, wani dattijo Banufe mai sanyin murya, ya ɗaure wa Yaya ido da ƙyalle, ya ɗauki 'yar auduga. Ya ce duk inda ya ji an taɓa, ya nuna da yatsa. Ya taɓa ƙwauri, Yaya ya nuna. Ya taɓa gwiwa, ya nuna. Ya taɓa ɗaya cinyar, ya nuna. Sai ya ɗora audugar a tsakiyar tabon ya shafa, ya sake shafawa. Yaya yana zaune yana jira. Da shirun ya yi tsawo sai ya gane. Malamin ya ɗauke hannu yana gyara audugar, Yaya ya yi sauri ya dangwala yatsa a kan tabon.

"Nan. Na ji."

"Ban taɓa ka ba tukuna, ɗana," in ji malamin.

Ya kwance masa ƙyallen. Ya ce an gano abin da wuri, kuma yanzu akwai ƙwayar da ake bayarwa duk mako, in ya dage ba abin da zai rasa a jikinsa. Yaya ya ce jarrabawa fa? Malamin ya ce makaranta sai likita ya ba da takardar ya warke. Yaya ya ce yaushe ke nan? Malamin ya dubi audugar da ke hannunsa, ya ce, "Ana ɗaukar shekaru."

Da la'asar hedimasta da malamin ajin suka zo gida, suka zauna da Baba a zaure. Ana jin muryar malamin yana ta cewa da ya sani, da ya sani, Baba yana ce masa, "Ba laifinka, Malam, haka Allah ya rubuta." Inna tana daka a tsakar gida. Ba ta tsaya ba har suka tafi, ko da yake da na leƙa turmin dawar ta zama gari tun tuni. Daga ranar aka ware wa Yaya akushinsa da moɗarsa. Kaka ce kaɗai take zama kusa da shi, tana ce masa ita ba ta guje wa miji don ciwo, ya dai riƙa kawo cefane. Ni kuma a aji, 'yan matan da muke benci ɗaya suka matsa suka bar mini wuri mai faɗi.

Malamin asibiti bai yi ƙarya ba. Yaya ya sha ƙwaya shekara da shekaru, tabon ya dushe, ko farce bai rasa ba. Amma lokacin da takardar ta fito ya riga ya yi gemu, wasu 'yan ajinsu har sun fara aiki. Ya kama noman doya, daga baya ya riƙa kai ta bakin hanya a Tafa yana sayar wa direbobi. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Ban ƙara ganin gwiwarsa ba har ya rasu, ko a gona dogon wando yake sawa. Wandon makaranta kuwa bai tsaya nan ba. Ban gama elementare ba aka ce 'yan ajin ƙarshe su koma dogo, na kaki, don iyaye ba su daina ƙorafi ba. 'Ya'yana sun je sakandare da mai faɗin ƙafa yana sharar titi. Jikokina suna kai nasu wurin tela a tsuke shi, har sai sun sa leda a ƙafa kafin ya shiga. In ana gardamar wanne ya fi kyau, ni ba na sa baki.

Wannan duk daga baya ne. A makon da aka sallami Yaya, masinja ya zo gida ya ce kakin kayan En'e ne, a mayar. Haka ake yi, yaro in ya bar makaranta a karɓi tufafinsa a ba wani. Yaya ya ce a yi masa haƙuri zuwa gobe. Ya kai Iku ya wanke, can ƙasa da inda mutane suke wanki, ya sa sitaci. Kawu bai hana shi dutsen guga ba, amma ya ce ya shimfiɗa ƙyalle a kai kafin ya goge. Yaya ya fitar da kari a ƙafafun kamar bakin wuƙa, ya ninke wandon yadda shatin man ya shige ciki, ya ɗora rigar makarantar a kai.

"Ki kai wa hedimasta hannu da hannu. Ki ce masa maɓallan duk suna nan, ba wanda ya ɓata. Kalmasar kawai aka saki, wanda za a ba in gajere ne a mayar masa da ita."

Na ɗauka a ka, a cikin faifai, kamar mai kai tuwo.

Hedimasta yana ofis da wani malami. Na durƙusa na gaishe su, na miƙa faifan, na faɗi saƙon Yaya duka, ko da yake ban san ko sun ji ba. Hedimasta bai karɓa ba. Ya nuna mini ƙasa da rula, kusa da ƙofa, na ajiye. Ya ce, "Madalla, ki gaishe shi." Sannan ya leƙa taga ya kira mai gadin makaranta, wani tsoho da ya yi soja, ya ce in an fita hutun ƙarfe tara ya ƙone kayan nan, har da faifan.

Kafin a kaɗa ƙarfen tara labari ya zaga azuzuwa. Ina jin yaran da ke bayana suna cewa za a ƙone wandon kuturu. Wani ya ce hayaƙin ma in ya taɓa mutum ya kamu, wani ya ce ƙarya ne, shi a gaba zai tsaya. Da aka fita suka ruga bola, bayan ajin ƙarshe. Tsohon ya riga ya tara kara da tsohuwar ciyawar rufi, ya yayyafa kananzir. Ya ɗauko kayan da doguwar sanda, rigar ta zame ta faɗi, wandon ya warware yana reto a bakin sandar, karin gugar yana nan a miƙe. 'Yan ajin su Yaya suna tsaye can baya, ba su matso ba, ba su kuma tafi ba.

Tsohon ya tsuguna yana laluben ashana a aljihu. Na ratsa ta tsakanin yaran, suna buɗa mini hanya da sauri, har na isa kusa da shi na durƙusa.

"Ke kuma fa? Matsa baya, 'yata, wuta zan kunna."

"Baba, na Yayana ne."

Ya dakata da ashanar a hannu.

"Shi ya wanke, shi ya goge," na ce. "Don Allah, Baba, ka bari sai an tashi kowa ya tafi gida. Kada ka ƙone suna kallo."